Bokitin Kulor na Madam Balkisa

Da Madam Balkisa ta dawo daga gidan suna, rana ta kusa tsakiya. Ko mayafi ba ta cire ba ta zarce bayan gida don ta sake duba kayanta. Kwaɗon ɗakin kaya yana rataye a buɗe. Ta tura ƙofa. Pampo yana nan, batir yana nan, tiyo a naɗe, raga da buroshi a jingine da bango. Inda bokitin kulor yake kuwa babu komai, sai zagayen da gindinsa ya bari a ƙasa.

Nan take ta kira kwamisariya, ofishin 'yan sanda.

Duk Gure an san zancen pisin ɗin Madam Balkisa. Malamar motsa jiki ce da ta gama aiki a Damagaram ta dawo gidan mahaifinta. Daminar bara, Zubair, ɗan ƙanenta Musa, ya nutse a tafkin bayan gari. Bayan an share makoki ta sa aka haƙa pisin ɗin, ɗan wurin wanka da iyo, a bayan gida, aka shafe shi da siminti. Ta ce sai ta koya wa yaran unguwa iyo kafin tafkuna su sake cika. Gobe ne za a buɗe.

Ansifekta Barmo ya iso a kan moto, babur ɗinsa na aiki, rigarsa ta jiƙe da gumi. Mutum ne gajere, mara yawan magana. Ya tsaya ya dubi ruwan da ke ƙarƙashin rumfar kara, sannan ya dubi ɗakin.

"Me aka ɗauka, Madam?"

"Bokiti ɗaya. Kulor ne, farin gari mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"An bar pampo da batir, an ɗauki bokiti."

"Ansifekta, ba asarar ce ta sa na kira ka ba. Garin nan, in ya sha zafi, ko ya haɗu da mai, ko tsumma mai maiƙo, wuta yake kamawa da kansa. Hayaƙinsa kuma yana shaƙe mutum. Dubi ranar nan. Wanda ya ɗauka, in bai sani ba ya ajiye shi kusa da moto ko cikin ɗakin kwano..."

Ba ta ƙarasa ba. Barmo ya ɗaga kai ya dubi sama. Ko ɗigon gajimare babu.

"Yaushe kika gan shi a ƙarshe?"

"Da hantsi, daf da zan fita. Na kulle da hannuna."

"Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu. Nawa yana rataye a ƙusa a tsakar gida. Ɗayan yana hannun Umara, wanda ya haɗa mini tiyo da pampo."

Barmo ya juya kwaɗon a hannunsa. Ba karaya, ba ƙarzuwa. A jikin ƙofar, daidai inda kafaɗar mutum za ta goga, akwai ɗan farin gari, akwai kuma wani a ƙasa. Ya durƙusa.

"Kar ka taɓa!" in ji Balkisa. "Yana cin fata."

Ya zaro tsinken ashana, ya jiƙa shi da yawu, ya dangwali garin. Ya kai hanci. Ya murza tsinken a kan dutse, garin ya zama ɗan ƙullu. Ya jefar da tsinken ya miƙe.

"Wa kike zargi?"

"Mahamadu mai lambu. Lambunsa na cikin kwari, nan bayanmu. Da aka fara cika pisin ya zo yana faɗa, wai zan shanye musu ruwan rijiyoyi. Ga ƙofar baya nan, hanyar kwarin ce."

Barmo ya zare sakatar ƙofar bayan, ya tsaya a bakinta bai taka waje ba. Rairayi ne mai laushi, ya gangara har gindin dabinai. Sawun awaki ya rufe shi kaf.

"Awakin nan yaushe suke wucewa?"

"Da sassafe, in za su kiwo."

"Kafin ki duba kayan?"

"Tun kafin in karya kumallo."

Ya daɗe yana kallon rairayin, sannan ya mayar da sakata.

"Wa ya rage a gida da kika fita?"

"Mahaifiyata, Ya Kaka, ba ta gani sosai. Sai Hawa, matar Musa, da 'yarta Huda. Musa yana hanyar Diffa da mota. Hawa ce ke kula da injin niƙa da ke bakin zaure." Ta rage murya. "Ka bi ta a hankali. Ita ce uwar yaron."

Sun sami Hawa a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Siririyar mace ce, gari ya yi mata fari a gira da gefen ɗankwali. Ta gaishe shi ba ta ɗago ba.

"Kin ga wani ya shigo da safen nan?"

"Ban ga kowa ba, ranka ya daɗe."

"Kina bakin zaure?"

"Ina wurin inji."

"In inji na aiki, za ki ji motsi a bayan gida?"

"Ba zan ji ba."

"Yanzu ban ji ƙararsa ba."

"Ya lalace. Na rufe."

"Allah ya kyauta," in ji Barmo.

A waje ya tsaya ya ɗaura hular moto. Ɗakin injin na kwano ne, sama da ƙasa, an jingina shi da bangon gidan, da kwaɗo a ƙofarsa. Wata mata ta zo da kwaryar gero a ka, ta ga kwaɗon, ta yi tsaki.

"Har yanzu? Da hantsi muna zaune a layi ta ce mu watse. Ni kam ban ji injin ya canza murya ba."

Ta juya ta tafi. Barmo ya tayar da moto ya gangara kwari.

Ya sami Mahamadu cikin inuwar dabino yana gyara bakin rijiya. Dattijo ne mai faɗin kafaɗa. Da ya ji abin da ya kawo ɗan sanda sai ya ajiye fartanya da ƙarfi.

"Ni? Me zan yi da garin wanke ruwa?"

"An ce ka yi faɗa da Madam."

"Na yi. Ban ɓoye ba, a ƙofar gidanta na yi shi."

"Kana so a fasa buɗewa?"

"Da can, e. Zo ka gani."

Ya ja shi gefen shinge. An haƙa doguwar hanyar ruwa, sabuwa, ƙasarta ba ta gama bushewa ba. Ta taso daga wajen gidan Balkisa ta ratsa gindin ƙananan dabinai.

"Shekaranjiya ta ce duk ruwan da za a riƙa zubarwa in an wanke, a bar shi ya huce a sako mini. Ita tana ganin ban yarda ba, don ban ce mata komai ba. Ni kuwa tun jiya nake haƙa. In ba a buɗe ba, wa ya yi wahalar banza?"

"Da safen nan ina kake?"

"Nan. Tambayi masu lambun nan duka."

Barmo ya tambayi biyu daga cikinsu. Bakinsu ɗaya: tun fitowar rana Mahamadu bai bar kwari ba.

Da ya hau tudu, sirdin moto ya yi zafin da ba ya zaunuwa. Ya nufi kasuwa, aka ce masa Umara yana masallacin unguwa. Can ya same shi tsugune a wurin alwala, da sufana a hannu, ladan na riƙe masa tiyo.

"Mabuɗin Madam Balkisa yana wurinka?"

Umara ya laluba aljihu ya fiddo shi. "Ga shi. Lafiya?"

"An ɗauke bokitin kulor."

Sufanar ta faɗi daga hannunsa. "Innalillahi! A ranar nan?"

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun da gari ya waye," in ji ladan. "Ko shayi a nan ya sha."

Barmo ya tsuguna kusa da Umara. "Wa ya san amfanin bokitin nan?"

"Duk wanda ya zauna shekaranjiya. Madam mace ce mai tsari. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jera kayan kaf, ta tara mu. Ta ɗaga kowanne ta faɗi aikinsa da ranar da za a yi amfani da shi. Raga ta kwashe ganye, buroshi na bango, 'yar kwalbar gwada ruwa, igiya da tayar ceto. Har wanda zai tsaya a bakin ruwa in yara sun shiga ta faɗa."

"Da ta zo kan bokitin me ta ce?"

"Ta ce komai a nan in ya ɓace za a samu madadinsa a Gure, ban da wannan. Daga nesa aka kawo mata, kuma kafin a sake kawowa damina ta sauka. Ta ce in babu shi, ba yaron da zai sa ƙafa a ruwan."

"Ta faɗi haɗarinsa?"

"Ta faɗa, amma daga ƙarshe. Ta daɗe a kai ma. Kar a kai shi rana, kar ya kusanci mai."

"Su wa ke zaune?"

"Ni, da Mahamadu, da tsohuwa, da Hawa."

"Duk kun zauna har ƙarshe?"

Umara ya ɗan yi tunani. "Ban da Hawa. Masu niƙa sun yi ta sallama, ta tashi."

"Kafin zancen haɗarin, ko bayansa?"

"Kafin."

Barmo ya miƙe zumbur. "Da me injinta ke aiki?"

"Gazuwal, man dizal. Bidon, jarkar man, na cikin ɗakin."

"Hau moto."

Umara ya tsinci sufanarsa ya hau, suka kama hanya. Tayar ta riƙa nutsewa cikin rairayi, Barmo na tura ta da ƙafa. Da suka tsaya a ƙofar gidan, Balkisa na zaure tana jira. Barmo ya wuce ta, ya sa tafin hannu a jikin kwanon ɗakin inji, ya janye da sauri. Ya kai hanci bakin ƙofa. Wani wari mai yaji ya daki idonsa.

"Bayan bangon nan ɗakin wa ne?"

"Na Ya Kaka. Tana ciki da Huda, sun kwanta."

"Ki fitar da su. Yanzu. Ta ƙofar baya."

Balkisa ta dube shi, ta dubi ɗakin, ta ruga ciki. Hawa ta fito zaure da faifai a hannu.

"Hawa, ga Umara na kawo ya duba miki inji. Ba ni mabuɗi."

"Ba sai yau ba, ranka ya daɗe. Musa zai dawo ya gyara."

"Ba ni mabuɗi."

"Ban san inda na sa shi ba."

Barmo ya matso kusa da ita, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Ba kama ki na zo yi ba. Kin tashi daga tabarma kafin Madam ta gama bayani. Abin da ba ki ji ba shi ne, garin nan in ya ji zafi ya taɓa mai, wuta yake zama. 'Yarki a bayan bangon nan take kwance."

Faifan ya suɓuce, shinkafa ta watse a ƙasa. Hawa ta kai hannu bakin zaninta tana ƙoƙarin kwance ƙulli, yatsunta suka ƙi. Barmo ya karɓi sufana daga hannun Umara ya doki kwaɗon. A bugu na uku ya balle.

Zafi da wari suka fito tare. Barmo ya ja da baya yana tari, hawaye na zuba. Ya rufe hanci da hularsa ya leƙa. A kusurwa, bayan inji, an tara tsofaffin buhuna da tsummokaran goge mai. Bidon gazuwal na jingine da su. Wani siririn farin hayaƙi na fita daga ƙarƙashin tulin.

"Yana ƙarƙashin buhunan," in ji Hawa. "Murfin ya tsage da na sauke shi."

"Umara, bidon!"

Umara ya ja numfashi ya riƙe, ya shiga a sunkuye, ya fito da bidon a rungume, ya yi nesa da shi. Balkisa ta dawo a guje da doguwar sandar ragar pisin.

"Kar ka sa hannu! Da wannan!"

Barmo ya zura sandar ya riƙa yaye buhunan ɗaya bayan ɗaya yana jawo su waje. Na ƙarshen ya yi baƙi a tsakiya. Yana isowa bakin ƙofa, iska ta taɓa shi, ya kama da wuta. Umara ya tura masa rairayi da ƙafa har ya mutu. Barmo ya saƙala sandar a mariƙin bokitin. Gefensa ya yi laushi ya lotsa. Ya ja a hankali, bokitin na tangal-tangal a kan dakali. Ya sauko kan rairayi bai kife ba. Ya ci gaba da ja har gindin bishiyar bedin da ke tsallaken hanya, inda babu komai kusa sai inuwa.

Balkisa ta sa aka kore mutanen da suka fara taruwa. Ta tsaya daga nesa tana kallon bokitin har hayaƙin ya daina. Sannan ta zauna a ƙasa.

Bayan kowa ya wanke ido da hannu, suka zauna a zaure. Ya Kaka da Huda suna gidan maƙwabta. Hawa ta raɓe a jikin bango, ta rufe fuska da mayafi. Balkisa ba ta dube ta ba, Barmo ta fuskanta.

"Yaya aka yi ka gane?"

"Ɓarawo ba ya barin pampo da batir ya ɗauki bokiti. Wanda ya ɗauka ba sayarwa zai yi ba, so yake a fasa buɗewa, kuma ya san abin da zai ɗauka a fasa. Wannan sai wanda ya zauna a tabarmarki. Ba a fasa kwaɗo ba, da mabuɗi aka buɗe. Umara na da shi, amma yana masallaci, ladan ya shaida. Mahamadu yana kwari, kuma ya fi kowa son a buɗe, har ya haƙa hanyar ruwa."

"Ya haƙa?"

"Ya haƙa. Sannan ƙofar baya. Awaki sun wuce kafin ki duba kayan, kuma ba sawun mutum ko ɗaya a kan nasu. Ba wanda ya bi ta nan. Ta gaba kuwa mata na zaune a layin niƙa, ba a fito da bokitin ba sai da aka sallame su. Garin da ke jikin ƙofa, wanda kika hana ni taɓawa, ba kulor ba ne. Ba ya wari, kuma da ya jiƙe ƙullu ya zama. Gero ne, daga jikin wanda ya yini a bakin inji." Ya goge idonsa da ya yi ja. "Tun a nan na yi zargin Hawa. Kuskurena, na ɗauka ta san haɗarin, ta kai shi wuri mai sanyi, shi ya sa na tafi in fara kawar da sauran. Da Umara ya ce ta tashi kafin ki faɗa, sai na tuna da kwaɗon da ke ɗakin inji."

Balkisa ta juya a hankali.

"Hawa. Don Zubair na gina wurin nan. Ke kin fi kowa sani."

Hawa ta sauke mayafin. Idonta a bushe yake.

"Na sani, Yaya."

"To, me ya sa?"

"Kin tambayi Musa, ya yarda. Kin tambayi mai unguwa, kin tambayi iyayen yara, har Mahamadu kin zauna da shi. Ni ba ki tambaye ni ba. Kin ɗauka tunda ɗana ne, dole ina so." Ta haɗiye yawu. "Kullum in na fito shanya sai in ga ruwan nan. Ni na ga yadda aka fito da shi daga tafki, ke ba ki gani ba. Jiya Huda ta zo tana tsalle, wai kin ce ita za ta fara shiga. Ita kaɗai ta rage mini, Yaya. Na ce in an kai damina ba a buɗe ba, wataƙila ki haƙura."

Umara ya sunkuyar da kai yana juya sufana.

"Madam," in ji Barmo, "ƙara taki ce. In kin ce a tafi kwamisariya, a tafi."

"Ba inda za a je." Balkisa ta share fuska da bakin mayafi. "Umara, garin da ya rage zai yi aiki?"

"Na saman ya lalace. Na ƙasan, sai an gwada."

"A gwada. In ya yi, za a buɗe, don yaran mutane suna jira, kuma tafkin nan zai cika ko muna so ko ba ma so." Ta dubi Hawa. "Amma Huda ba za ta taɓa ruwan ba sai ranar da kika ce. In ba ki ce ba har abada, shi ke nan."

Barmo ya miƙe ya ɗauki hularsa. Har ya kai bakin zaure ya ji muryar Hawa.

"Zurfinsa ina yake kai wa mutum?"

"Gefen yara, gwiwa. Can ƙarshe, ƙirjinki."

"In an gama sa maganin, kafin kowa ya zo, ki rufe ƙofa. Ni zan fara shiga, da zanina. Ki riƙe ni, kar ki sake ni. In na taka ko'ina na ji ƙasa a ƙafata, sai mu yi maganar Huda."

Balkisa ta miƙa mata hannu. Hawa ta kama, ta riƙe gam, har Barmo ya tayar da moto ba ta saki ba.